Robar abinci ta hanci: nazarin jinyar wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki a Sakkwato

A cikin watan Afrilu aka kawo shi, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar. Dattijo ne ɗan shekara 68, mai sayar da hatsi, wanda ya daɗe da hawan jini yana shan magani yau ya bari gobe. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan asibitin ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na fi shekara 20 a ɗakin kwantar da maza, kuma na rubuta wannan ne saboda abin da ya faru a rana ta 7 da kwanciyarsa, wanda har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Ya faɗi ne yana alwalar asuba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Kwana 2 ya yi a gida ana yi masa tofi da shafe-shafe kafin babban ɗansa ya dawo daga Illela ya ce a tafi asibiti. A cikin kwanakin nan duk abin da aka ɗura masa da cokali, rabi ya dawo ta gefen baki, rabi ya ƙware shi. Ya zo mana leɓe a bushe, fitsari kaɗan kuma ja, jiki da ɗan zazzaɓi, nauyinsa wajen kilo 60.

Kafin a ba shi komai ta baki na gwada haɗiyarsa. Na zaunar da shi sosai, na ba shi ruwa ƙaramin cokali ɗaya, na sa yatsa a maƙogwaronsa ina jira. Haɗiyar ta yi jinkiri, ya yi wani tari marar ƙarfi, numfashinsa ya koma da ƙarar ruwa kamar mai kurkure maƙoshi. Nan take na rubuta a saman gadonsa cewa kada a ba shi komai ta baki, likita ya sa masa ƙarin ruwa. Wannan ɗan gwajin da ba ya cin ko sisi yana cikin abubuwan da bincike ya fi ƙarfafawa. A shekarar 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ɗakunan masu shanyewar jiki 19 a Ostireliya, inda aka ɗora wa ma'aikatan jinya kula da abu 3 kawai: zazzaɓi, sukarin jini, da haɗiya. Bayan kwana 90, waɗanda suka mutu ko suka kasa dogara da kansu sun kai kashi 58 cikin 100 a ɗakunan da ba a bi tsarin ba, amma kashi 42 a waɗanda aka bi. Ba sabon magani aka kawo ba. Aikin nas ne aka gyara.

Washegari likita ya ce a sa masa robar abinci ta hanci. Iyali suka ƙi.

Duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya san wannan ƙin. Uwargidansa ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, ku bar shi hakanan. Duk wanda anka sa ma robag ga ba shi tashi. Ƙanena anka sa ma ita, bai kwana biyu ba." Ban yi mata musu ba, don ba ƙarya ta faɗa ba. Abin da ta gani da idonta ke nan. Sai dai dalilin ba robar ba ce. A wurinmu ana jinkirta sa ta har sai mutum ya kai gargara, sai a sa ta yau ya cika gobe, laifi ya hau kanta. Na zauna da ita da babban ɗan, na zana musu a bayan kati yadda hanya ta rabu biyu a maƙogwaro, ɗaya ta iska zuwa huhu, ɗaya ta abinci zuwa tumbi, da yadda ciwon ya kashe ƙofar da ke tsare ta iska. Na ce, "Inna, ruwan da ake ƙara masa ta jijiya yana kashe ƙishirwa, amma ba ya maganin yunwa. Yau kwanansa 4 rabonsa da abinci. Kunun da kike dama masa a gida, shi za mu ba shi, hanya kawai za mu canja." Sai da aka kira wani ƙanen dattijon daga Gwadabawa, malami ne, ya ce neman magani ba ya cin karo da tawakkali, sannan suka yarda a rana ta 3.

Gaggawar da muke yi tana da tushe. Babban binciken da aka yi kan ciyar da masu shanyewar jiki, wanda Farfesa Martin Dennis na Edinbara ya jagoranta aka buga a mujallar Lancet a 2005, ya ɗauki majinyata 859 ya raba su biyu: wasu a sa musu roba da wuri, wasu a jinkirta aƙalla mako guda. Mutuwa ta ragu da kashi 5.8 cikin 100 a wajen waɗanda aka ciyar da wuri. Masu binciken da kansu sun ce tazarar ba ta kai matakin da za a yanke hukunci da ita ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka rayu sun rayu ne da naƙasa mai nauyi. Duk da haka a kan wannan sakamako jagororin jinya suka tsaya: wanda ba ya iya haɗiya, kada a bar shi kwanaki babu abinci.

Iyali suka sayo roba a kyamis ɗin bakin asibiti, irin mai kaurin nan ta leda mai lamba 16, wadda tsofaffin ma'aikata ke kira da sunan Rayil, likitan Ingila da ya ƙirƙiro ta a 1921. Akwai siririya mai laushi da ke iya zama mako 4 zuwa 6 a hanci, amma tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, kuma kunu yana toshe ta. Mai kaurin tana taurarewa, don haka ake canja ta bayan kwana 7 zuwa 10.

A makaranta an koya mana auna tsawon da za a tura daga ƙarshen hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa ƙarshen ƙashin ƙirji. Bincike na baya-bayan nan ya nuna wannan awo yakan gaza a jikin manya, bakin robar ya tsaya a bututun abinci bai shiga tumbi ba, abin da aka zuba ya riƙa dawowa sama. Wani nazari da aka yi a Biristol ta Ingila a 2014 ya ba da shawarar a ƙara santimita 10 a kai. Ga yara kuwa, kamar waɗanda ke cibiyoyin kula da tamowa, an fi yarda da aunawa har zuwa tsakanin ƙashin ƙirji da cibiya. Awon Baba ya ba ni santimita 52, na tura zuwa 62. Na zaunar da shi, na sunkuyar da haɓarsa kaɗan, na shafa wa robar mai santsi, na bi da ita ta ƙasan ƙofar hanci a hankali ina yi masa magana, domin ko da bakinsa ba ya furtawa kunnensa yana ji. Na yi alama da biro marar gogewa daidai inda ta fito daga hanci, na ɗaure da filasta.

Daga nan sai tambayar da duk wannan rubutu ke kewayawa a kanta: ta yaya za ka san robar tana tumbi ba huhu ba?

Abin da aka koya mini, wanda na yi shekaru ina yi, na kuma koya wa ɗalibai da yawa da hannuna, shi ne a ja iska a sirinji, a ɗora abin sauraro a kan ciki, a tura iskar da ƙarfi. Idan ka ji "fuu" kamar an busa cikin ruwa, shi ke nan, a kawo kunu. Hanya ce mai sauƙi, ba ta cin kuɗi, kuma tana sa zuciyar ma'aikaci ta kwanta. Amma ba ta da inganci. Tun a shekarun 1980 wata farfesar aikin jinya a Jami'ar San Luwis ta Amurka, Norma Metheny, ta duƙufa a kan wannan tambaya, kuma a 1990 ta buga binciken da ya nuna cewa kunne ba ya iya bambance inda bakin robar yake. Ƙirji da ciki maƙwabta ne, shamaki ɗaya ne siriri tsakaninsu. Iskar da aka tura cikin huhu ko bututun abinci tana iya amsa kuwwa a saman ciki, ka ji ta tangaram.

A watan Fabrairun 2005 hukumar kare lafiyar majinyata ta Ingila ta hana amfani da wannan gwaji kwata-kwata. Ta hana takardar litimos mai shuɗi, ta hana tsoma bakin roba a ruwa don ganin kumfa, ta kuma ce rashin tari ko rashin sarƙewar numfashi ba hujja ba ne. Abin da ta amince da shi biyu ne: a zuƙo ruwan ciki a ɗiga a kan takardar gwajin tsami, idan ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa gwargwadon ƙaruwar tsami, ya nuna 5.5 ko ƙasa da haka to tumbi ne. Idan ba a samu ruwa ba ko lambar ta haura, a yi hoton ƙirji. Duk da wannan gargaɗi, daga Satumbar 2005 zuwa Maris na 2010 an ƙirga mutum 21 da suka mutu da wasu 79 da suka cutu a can saboda an zuba musu abinci a huhu, kuma babban dalilin da aka gano shi ne kuskuren karanta hoton ƙirjin kansa. A 2009 suka sa wannan kuskure cikin jerin abubuwan da bai kamata su taɓa faruwa a asibiti ba. Wannan a ƙasar da ake rubuta kowane kuskure a bi diddiginsa ke nan. Mu a nan, wanda aka zuba wa kunu a huhu sai a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa.

Ina da ɗan kwalin takardar gwajin tsami da na saya da kuɗina a shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje, ina ajiye shi a aljihun rigar aiki. A lura, ba tsinken gwajin fitsari ba ne. Shi wannan daga lamba 5 yake farawa, ba a yi shi don ruwan ciki ba. Na zuƙo ruwa kaɗan daga robar Baba, ruwan ɗorawa-ɗorawa, na ɗiga. Ya nuna 4. Na rubuta a takardar da na manna a gadonsa: rana, lokaci, santimita 62, tsami 4.

Ba mu cika masa ciki a ranar farko ba. Wanda ya kwana 5 bai ci ba, idan aka yi masa ɗurar abinci gaba ɗaya, gishirin jininsa irin su fosfet da fotashiyam kan faɗi warwas, zuciya ta rikice. Likita ya rubuta bitamin B1, muka fara da kaɗan muna ƙarawa har kwana 4. Mutum mai kilo 60 yana buƙatar kalori 1,500 zuwa 1,800 a yini. Abincin gwangwani da aka yi don roba yana da kalori 1 a kowace mililita, amma kuɗinsa na mako guda ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Abin da ke hannun mutane koko ne, kuma don ya wuce ta roba sai a tsinka shi da ruwa har ya zama kusan ruwan ne zalla. Majinyaci ya sha sau 6 a yini, cikinsa ya cika, amma yana ramewa.

A nan 'yarsa ta shigo labarin. Ita ce ta huɗu a gidan, shekarunta kamar 24, ta gama sakandare, kuma ita aka bari tana kwana a tabarma gefen gadon. Da ita muka tsara abincin: kunun gyaɗa mai kauri, garin waken soya da aka soya, madarar gari, dafaffen ƙwai da aka niƙa a bilenda, da babban cokali na man gyaɗa, wanda shi kaɗai kalori 120 ne, ƙwai ɗaya kuma wajen 70. Don kada kauri ya toshe robar, muka ɗauko dabarar masu kunun zaƙi: ɗan garin dawa mai tsiro idan aka barbaɗa a kunu mai ɗumi, yana narkar da kaurinsa ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai a sake tafasa shi, a tace da rariya mai laushi, a bari ya huce. Na ja mata kunne cewa a zafin Afrilu abin da aka haɗa kada ya wuce awa 2 a ajiye. Na koya mata ɗaga kan gado, majinyaci ya kishingiɗa kamar digiri 30 zuwa 45 lokacin ci da aƙalla rabin awa bayansa. Wani gwaji da aka yi a Basalona aka buga a 1999, a kan majinyatan da ke kan injin numfashi, ya samu ciwon huhu a kashi 34 cikin 100 na waɗanda aka kwantar rigingine, kashi 8 kuma a waɗanda aka kishingiɗar. Na koya mata cire matsin sirinji ta bar kunun ya gangara da kansa, da wanke robar da ruwa mililita 30 kafin ci da bayansa. Yarinya ce mai kaifin hankali, sau ɗaya ake nuna mata abu.

Abu ɗaya ne ban koya mata ba: abin da za ta yi idan robar ta zame. Wannan gibin nawa ne.

Ranar ta 7 na karɓi aiki da safe. Na tarar da wata ƙaramar ma'aikaciya a gadon Baba, abin sauraro a kunne, ta tura iska ta ce, "Na ji ta, Sista, tana ciki." 'Yar tana tsaye da filas ɗin kunu a buɗe. Alamar biro tana daidai bakin hanci, komai a wurinsa. Abin da ya tsayar da ni filasta ce. Ni nakan tsaga ta biyu in naɗe robar da ƙafafunta. Wannan kuwa an liƙa ta a kwance kamar yadda ake liƙa ta a kan rauni. Na tambayi masu aikin dare, ba wanda ya taɓa ta. Na dubi takardar awo, iskar oksijin ta jininsa da ke tsayawa a kashi 96 ta sauko 92.

Na ja yarinyar gefe, na sassauta murya. "Ƙanwata, ba faɗa zan yi miki ba. Me ya faru da daddare?"

Idonta ya ciko. Ta ce, "Wallahi Sista, wajen ƙarhe ukku na hwalka na ishe ya jawo ta da hannunai na hagu, ta hito kamar kamu guda. Na ga masu aiki suna wurin wani da jikinai ya tashi, kuma Yaya ya ce in ta lalace sai mun sake sayen wata. Sai na maishe ta a hankali. Ya ɗan yi tari, ya bari."

Na ce ta rufe filas ɗin. Na sa sirinji na zuƙa, babu komai. Na juya shi kan ɓarinsa na hagu, muka jira minti 20, na sake zuƙa. Wani ɗan ruwa mai yauƙi ya fito, fari-fari. Na ɗiga a takarda, ya nuna 7.5. Ƙaramar ma'aikaciyar ta ce ai yana shan omefirazol, maganin olsa, kuma yana rage tsamin ciki. Gaskiya ta faɗa, wannan yana cikin raunin gwajin tsami, haka ma idan ba a daɗe da zuba abinci ba. Amma takardar da ke manne a gadon ta nuna kwana 4 yana kan wannan maganin kuma lambarsa ba ta taɓa wuce 5 ba. Ba don an riƙa rubutawa ba, da ba ni da abin da zan kafa hujja da shi.

Likita ya rubuta hoton ƙirji. Babban ɗan ya iso ransa a ɓace. "Sista, tun jiya da dare bai ci komi ba, ga kunu ya huce, ita wagga ta ce ta ji da kunnenta. Kuɗin hoto kuma daga ina?" Na ce, "Alhaji, yunwar awa 4 ba za ta yi masa illa ba. Kofi ɗaya na kunu a huhu yana iya raba ku da shi. Ka ba ni zuwa azahar." Ya yi shiru, ya fita neman kuɗi. Tsakanin biya, da jiran wuta, da neman mai tura keke, sai da aka ci awa 4.

A hoton ana duba abu 4: robar ta bi tsakiyar ƙirji ba ta bi reshen huhu ba, ta ratsa daidai inda bututun iska ya rabu biyu, ta ƙetare shamakin ciki a tsakiya, bakinta kuma ya bayyana a ƙarƙashin shamakin ta hagu. Ta Baba ba ta cika ko ɗaya ba. Daga inda bututun iska ya rabu ta karkata dama ta gangara cikin huhu. Reshen dama ya fi na hagu faɗi kuma ya fi miƙewa, shi ya sa ɓatacciyar roba ta fi faɗawa can. Mai lafiya da an taɓa masa wurin nan zai yi tari har ya fita hayyacinsa. Shanyewar jiki takan dushe wannan tarin, shi ya sa dattijon ya kwana da roba a huhu ba wanda ya sani. Da mililita 300 na kunun gyaɗa da mai da ƙwai za a zuba a wurin.

Muka cire ta, muka sa sabuwa ta ɗaya ƙofar hancin, tsami ya nuna 4.5, ya ci abincinsa da la'asar. Likita ya ci gaba da sauraron ƙirjinsa kwana 3, bai samu komai ba.

Na daɗe ina juya lamarin a raina. Ƙaramar ma'aikaciyar ba ta yi sakaci ba, abin da aka koya mata ta yi, kuma irina ne suka koya mata. Yarinyar ma ba ta yi don cutarwa ba, tausayi da tsoron kashe kuɗi ne suka sa ta. Matsalar ita ce yawancin binciken da na ambata an yi shi ne a ƙasashen da nas ce ke ba da kowane abinci da hannunta. A ɗakinmu ma'aikata 2 ne kan gadaje fiye da 20 da daddare. Mai riƙe da sirinji a zahiri 'ya ce, ko mata, ko ƙane. Idan ilimin ya tsaya a kan ma'aikaci bai isa ga mai kwana a tabarma ba, to bai isa bakin gadon ba.

Inda binciken duniya ya dosa yanzu, galibi wajen na'urori ne. Akwai robar da ke da maganaɗisu a baki, ana ganin hanyar da take bi a allo yayin da ake tura ta. Amma a Janairun 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa an samu waɗanda huhunsu ya fashe duk da amfani da ita, don na'urar ba ta maye gurbin ƙwarewar mai riƙe da ita. Akwai mai 'yar kyamara a baki. Akwai abin gano iskar da huhu ke fitarwa, wanda ke sauya launi idan roba ta shiga hanyar numfashi. Akwai duba ta da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Nazarin 2017 na Kokuren, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tacewa, ya ce hujjar ba ta isa a dogara da ita kaɗai ba, ko da yake tana iya taimakawa inda babu hoton ƙirji. A ganina wannan ta ƙarshen ce ta cancanci masu bincike a jami'o'inmu su sa mata ido, tunda sikanin ya fi injin hoto yawa a garuruwanmu. An kuma fito da sabon bakin haɗi a 2016 wanda ba ya shiga robar jijiya, don kada a yi kuskuren tura abinci cikin jini. Wata al'adar ma da aka ɗora mu a kai, ta zuƙo abin da ya rage a tumbi kowane awa kaɗan a auna, an fara sakinta: gwajin da aka yi a Faransa aka buga a 2013 kan majinyata 449 ya nuna barin awon bai ƙara ciwon huhu ba, majinyatan ma sun fi samun abincin da ya kamace su. Duk waɗannan suna da amfani. Amma abin da ya ceci Baba takarda ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, da layin rubutu a gefen gado, da lura da yadda aka liƙa filasta.

Bayan wannan rana muka sauya abubuwa kaɗan a ɗakin. Duk wanda aka sa wa roba, ana zaunar da mai jinyarsa a faɗa masa magana ɗaya har sai ya maimaita ta da bakinsa: idan ta zame, ko alamar ta matsa, ko ya yi amai ko tari mai tsanani, kada ka mayar, kada ka zuba komai, ko ruwa, ka kira ma'aikaci, kuma ba wanda zai yi maka faɗa. Wannan ƙarshen yana da muhimmanci, domin tsawar da muke yi wa masu jinya ita ke sa su ɓoye mana abu. Muka yi karo-karo muka sayi takardar gwaji. Hannun Baba na hagu muka sa masa safa mai kauri da yardar iyalinsa, maimakon ɗaure shi a gado, muna cirewa lokaci-lokaci ana motsa yatsun.

Sauran jinyar ta tafi da ƙananan gyare-gyare. Na tarar ana daka masa maganin hawan jini nifedifin, irin mai narkewa sannu a hankali, ana zubawa a roba. Dakakkensa yana sakin ƙarfin yini guda a lokaci ɗaya, jini ya faɗi. Likita ya canja masa zuwa amlodifin. Kowane magani daban ake narkar da shi, a bi shi da ruwa, ba a gauraya shi da kunu. Bakinsa muna goge shi safe da yamma da buroshi mai laushi, saboda bakin da ba a ci da shi ya fi tara ƙwayoyin cuta, kuma yawun da ke silalewa huhu daga nan yake ɗaukar su.

Wata rana na ga uwargidan tana ɓoye wani ɗan kwano a ƙarƙashin mayafi. Rubutu ne ƙanen mijinta ya aiko. Na san idan na hana, da na juya baya za a ɗura masa ta baki. Na ce, "Inna, kawo. A tace shi da kyalle mai tsabta, in gwada robar, ki zuba masa da hannunki." Ta yi bisimilla ta zuba, na bi da ruwa. Daga ranar duk abin da aka kawo daga gida, zuma ko zamzam, ni take fara nunawa.

An sallame shi a rana ta 19 da robar a hanci. Kafin nan sai da 'yar ta gwada tsami a gabana sau 10, tana karanta launin tana rubutawa, na yarda da idonta. Na ba ta takardun gwaji, muka yi da su za su riƙa kawo shi ana canja robar. Babban ɗan ya tambayi likita game da wadda ake hudawa ta fatar ciki kai tsaye, wadda likitoci biyu suka fara a Kilibilan ta Amurka suka bayyana ta a 1980. Likita ya ce a dakata. A wancan binciken na 2005, cikin majinyata 321, waɗanda aka yi wa hudar ciki da wuri sun fi na robar hanci mutuwa ko mummunar naƙasa da kashi 7.8 cikin 100, kuma da yawan masu shanyewar jiki haɗiyarsu tana dawowa cikin makonni. Sai idan an haura mako 4 babu alamar sauyi ake maganarta.

A mako na 5 suka kawo shi canjin roba. Na zaunar da shi na ba shi ruwa ƙaramin cokali. Maƙogwaron ya ɗaga ya sauka, babu tari. Na ƙara, na ƙara. Na ce ya ce "aa", muryar ta fito a bushe. Muka gwada kunu mai kauri, ya shanye cokali 8 yana kallon matarsa. Ba mu cire robar ranar ba. Mako guda aka yi yana ci ta baki ana cika masa ta roba, har abin da yake haɗiya ya kai ya riƙe shi. Ranar da na zare ta, hannunsa na dama bai dawo ba, maganarsa kalma ɗaya-ɗaya ce, amma nauyinsa kilo 58.

Da za su tafi, 'yar ta buɗe jakarta ta miƙo mini littafin makaranta da ta riƙa rubuta awon a ciki, kwana 23, babu ranar da ta tsallake. A tsakiyarsa akwai takardun gwaji 11 da suka rage, a naɗe cikin leda. Ta ce, "Sista, ki aje ma wanda za a kawo bayanmu." Na sa su a aljihun rigata, kuma a cikin makon aka kawo wani tsoho daga Bodinga da irin ciwon, da su muka fara gwada tasa robar.